Gogen Makoki a Jerin Kiɗan Biki

Aikin da ejan ya rubuta mini a takarda shi ne injiniyan sauti. Da na isa Ras Al Khor, a Dubai, sai na tarar da dakon sifika ne ke jirana. Wata takwas na yi ina loda su a mota da safe ina sauke su da yamma, a wani sito mai rufin kwano da ke tsakanin masu sayar da kayan gyaran mota, inda rigar mutum ke manne masa a baya tun kafin ƙarfe tara. Fasfona kuwa tun ranar da na sauka, a 2012, ya shige durowar mai kamfanin, wani Balarabe ɗan gayu da muke kira Mista Nabil, aka ce ajiya ce. Na nemi ejan a waya in ji ba'asi, lambar ta daina shiga. Ban yi kuka ba. Zagi na yi da Hausa, na kuma yi shi son raina tunda ba mai jin abin da nake faɗa.

Sana'ar kamfanin ita ce kiɗan da mutum ke ji a otal ko kanti ko zauren biki ba tare da ya lura ana yi ba. Mu za mu kafa sifika, mu ne kuma za mu turo jerin kiɗan da za ta riƙa fitarwa. Wata rana ana gwada sababbin sifiku a sito, na ce wa abokin aikina waƙar nan a kan G take, amma mai busa ya ɗan zame ƙasa. Ashe Mista Nabil yana bayana. Ya ciro wayarsa mai hoton kibod, ya riƙa danna sauti ɗaya-ɗaya ina faɗa masa sunansu ina ci gaba da naɗe waya. Ya yi mini kallon mamaki, irin na wanda akuyarsa ta yi masa sallama. Washegari aka hau da ni bene, ɗaki mai sanyi, aka ba ni kujera da kwamfuta da hedfon.

Kunnen nan wuri biyu na samo shi. Sunayen ki, wato matakan sauti irin su G da D, na koya a cocin ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, inda na yi shekara tara ina danna kibod, Babana yana katikis. Amma jin kansa a wurin kakana na same shi, Kaka Nomau, wanda bai taɓa shiga coci ko masallaci ba, kuma shi ne mai gogen ƙauyuka biyar. Gogen nasa ƙwarya ce da fatar guza da tsagiyar doki, amma idan ya ja, tsoho kan ajiye fartanya. A wurinsa kowane mutum da takensa, kowace sha'ani da kiɗanta, kuma babu abin kunya ga makaɗi kamar ya kai kiɗa inda ba nan ne gidansa ba. Idan tsoho ya mutu a wajenmu, mai goge kan wuni yana jan takensa, babban jika ya buɗe rawa, ana takawa ana hawaye, ba mai barin fili sai kiɗan ya sauka. Ni ne babban jikansa, don haka kullum sai ya tsokane ni, ya ce da waɗannan ƙafafun nawa na ɗan coci zan ba shi kunya ranar da ya tafi. Ni kuma in ce ya yi sauri ya tafi in gaji matarsa.

Aikin bene mai sauƙi ne a ido. Kowane kiɗa yana da gurbi uku: sauri, ki, da yanayi. Injin da ke cikin kwamfutar shi ke cika su, ni kuma in saurara in sa hannu cewa daidai ne. Abin da Mista Nabil ke sayar wa otal-otal ke nan, cewa injinsa ba ya kuskure, ga kuma ɗan Adam ya tabbatar. A gurbin yanayi kalmomi shida ne kacal za ka zaɓa: farin ciki, natsuwa, soyayya, kuzari, alfarma, da shagali. A makon farko na tambaye shi ina ake sa kiɗan baƙin ciki. Ya yi dariya har da dafa kafaɗata.

"Habibi, a Dubai ba mai sayen baƙin ciki."

Na yi dariya ni ma, don a lokacin sanyin ɗakin bai gama ratsa ni ba.

A unguwar Muraqqabat nake kwana, mu shida a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Wanda ke samana Auwalu ne, Bakano mai aikin kago, wanda ya san nauyin kwali da ido kafin a ɗora a sikeli. Fasto yake kirana, ni kuma in ce masa Alhaji duk da ko Jidda bai taɓa gani ba. Shi ya nuna mini inda ake samun garin masara da kuka a Deira, shi ya koya mini cewa idan Balarabe ya ce inshallah yana kallon waya, to maganar ta mutu. Ranar da ya ji kakana mai goge ne, ya yi a'uziyya, ya ce ashe da jikan 'yan bori yake kwana. Na ce ya yi hankali da ni, kada in kira masa su su sauko da shi daga gadon sama. Muna wannan har abokan ɗaki 'yan Kamaru suka saba, suna dariya ba su san me ake cewa ba.

A farkon sanyin shekarar da ta biyo, lokacin da bukukuwan aure ke yawa a Dubai, Baba ya kira ni da hantsi ina kan aiki. Kaka ya rasu. Na sauka na sami Mista Nabil na roƙi fasfona da hutun mako biyu. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, hannu a ƙirji, sannan ya ce inshallah bayan an gama bukukuwa, idonsa a kan waya. Bayan kwana biyu na sake kiran gida in ji yadda aka yi. Baba ya ce an binne shi lafiya, an yi addu'a, an yi waƙoƙin coci. Na ce wa ya ja goge? Ya ce dattawan coci ba su yarda ba, shi ma kuma bai ga amfaninsa ba. Mutumin da ya raka tsofaffin ƙauyuka biyar da kiɗa, aka rufe shi ba wanda ya ja masa ko sau ɗaya. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, kashe wayar na yi. Na ji haushinsa, na ji haushin Mista Nabil, amma haushin kaina ya fi, don ni ne jikan da ya kamata ya tsaya a fili.

Kwana goma bayan nan aka kawo kwalin faya-fayai na tsofaffin kiɗan Turawa, irin wanda suke kira barok, na shekara kusan ɗari uku da suka wuce. Yawancinsu garaya-garayarsu ce da sarewa, na riƙa sa hannu ina wucewa. Sai na zo kan wani mai tsawon kusan kwata na awa. Gogensu ne, bayolin, shi kaɗai, ba ganga ba murya ba komai. Ja na farko da mai kiɗan ya yi na ajiye biro. Ya faro da nauyi, kamar mai buga ƙofar gidan da ya san ba kowa a ciki. Jimla ɗaya ce gajeriya yake ta komowa kanta, kowane zuwa da sabuwar riga, ya hau sama ya yi gudu, ya dawo ya same ta tana nan. Can tsakiya ya yi haske na ɗan lokaci, irin na mai tuna wani abin dariya da mamaci ya taɓa yi, sannan ya koma inda ya fito. Haka Kaka ke jan taken mamaci, ba ƙari ba ragi. Na ji shi sau uku a jere, na shiga banɗaki na wanke fuska.

Da na dawo na duba abin da injin ya rubuta. Sauri: a hankali, bugu sittin da 'yan kai a minti. Ki: C-shaf maino. Yanayi: natsuwa. Har ya riga ya jefa shi cikin jerin wani zauren biki, a wurin da baƙi ke zaune suna jiran shigowar amarya.

Duka ukun ban yarda da su ba. Saurin da ya rubuta matsakaici ne kawai ya ɗauka, alhali mai kiɗan yana ja yana saki kamar numfashin mai kuka. Ki kuwa ya ɗaure mini kai. Kunnena na coci ya ce C-shaf ne, kamar yadda injin ya ce. Kunnen da Kaka ya ba ni ya ce a'a, domin akwai sautin da ke fita a sake, da amo mai faɗi, wanda tsirkiya ke bayarwa idan ba yatsa a kanta, kuma a kansa kiɗan ke sauka kullum. Na san bayolin ba ta da tsirkiyar C-shaf, tana da ta D. Yanayi kuwa ban ma tsaya gardama da kaina ba. Na cire kiɗan daga jerin bikin, na bar gurbin sa hannu babu komai.

Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar cocinmu a can, na tare Baba Pinto bayan sujada. Tsoho ne ɗan Indiya daga Goa, sana'arsa saita fiyano a otal-otal, kuma shi kaɗai ne a cocin yake tambayata ko na ci abinci. Muka hau abra, ɗan jirgin ruwansu na fito, muka tsallaka Bur Dubai, muka ratsa kasuwar yadi zuwa ɗakinsa da ke saman wani shagon tela. Ya dafa shayi mai citta, ya sa faifan, ya rufe ido. Da ya ƙare ya ciro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu na saita sauti, ya buga a gwiwa ya kanga mini a kunne, ya sake sa farkon kiɗan. Ya ce yatsun mai kiɗan a kan D maino suke, kamar yadda na ji. Masu irin wannan kiɗan da tsirkiyar hanji suke yi, kuma suna ɗaure ta ƙasa da ta zamani da rabin mataki, yadda ake yi a da. Injin sautin da ya fita ya auna, bai san da hannun da ya fitar da shi ba.

Na ce to yanayin fa?

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce takardar cikin faifan ta ce sunan kiɗan sunan wata rawa ce, masana kuma sun daɗe suna gardama a kan abin da mai shi yake ji da ya tsara shi. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, ka gyara ki, ka bar musu yanayin. Shekara talatin nake garin nan. Biza a hannun mutumin take."

Na gode masa. Da zan tafi ya cusa mini ɗan ƙarfen nan a aljihu, ya ce yana da wani. Har yau yana wurina. Auwalu ma abin da ya faɗa ke nan da na ba shi labari, sai dai shi da faɗa ya yi. Ya ce kalma ɗaya ce fa, natsuwa, in danna in huta, amaryar da ban sani ba ba za ta san na yi mata gata ba. Ya ce mutane na haɗiye abin da ya fi wannan a garin nan kafin karin kumallo. Na ce na sani, ni ma na haɗiyi wata takwas na dako, na haɗiyi fasfo, na haɗiyi jana'iza, cikina ya cika. Ya ce taurin kan Maguzawa ne ke damuna. Na ce ai bai ga komai ba tukuna.

Ranar Lahadi, farkon makon aiki, Mista Nabil ya kira ni ofishinsa. Kwamfutar ta nuna masa an cire kiɗa daga jeri, an kuma bar gurbi ba sa hannu. Na ajiye ɗan ƙarfen a kan teburinsa na yi masa bayanin ki dalla-dalla. Ya saurara, don ba jahili ba ne, na kuma ga ya gane. Nan ne ma ransa ya ɓaci. Idan injin ya kuskure a wannan, to ya kuskure a duk kwalin, shi kuwa ya riga ya gaya wa manajojin otal cewa abinsa ba ya kuskure. Ya ce ki ba ruwan kowa da shi, ba baƙon da zai zo biki da ƙarfe a aljihu. Na ce na ji, a bar ki. Amma kiɗan makoki ne, kuma ba zan sa hannu a kai shi gaban amarya ba.

Ya jawo takardar faifan ya buɗe, ya nuna mini layin da yatsa.

"Karanta. Rawa ce. Turawan da suka yi abinsu sun ce rawa ce, kai daga sito za ka gaya musu?"

"Ranka ya daɗe, a garinmu ma rawa muke yi idan tsoho ya mutu."

Ya dube ni. Ina jin ya tuna da fasfon da na roƙa, don ya kau da kai. Sannan ya sassauta murya, ya ce ya san ina cikin jimami, kuma jimami kan sa mutum ya ji abin da babu. Wannan maganar ta fi ta sito ciwo, domin da ya zage ni da na san abin yi. Ya juyo da kwamfutar gabana, ya ce in zaɓi ko wacce daga cikin shidan, ba lallai natsuwa ba, in ga dama in sa alfarma, in sa hannu, khalas, shi ke nan, a manta. In kuwa na ƙi, kamfani ba ya riƙe ma'aikacin da ba ya sa hannu, kuma na san abin da hakan ke nufi ga bizata.

Na sani sarai. Na tuna ƙannena biyu da ke makaranta, na tuna rufin ɗakin Inna da na yi alkawarin canzawa, na tuna yadda za a kalle ni a ƙauye idan na dawo da jaka ɗaya. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma a garin nan an karɓe sunan aikina, an karɓe fasfona, an hana ni kabarin kakana. Kunnen nan kaɗai ya rage da ba a durowar kowa yake ba, shi ma ga shi ana so in miƙa. Na jawo kibod ɗin kwamfutar. A ƙarƙashin gurabun akwai wani ɗan fili na ƙarin bayani da ba mai amfani da shi. Na rubuta D maino, na rubuta makoki da Hausa, na sa sunana a nan, Ishaya jikan Nomau, na mayar masa da kwamfutarsa.

Ya tambayi ma'anar kalmar, na gaya masa. Ya buɗe durowa ya ciro fasfona ya ajiye kusa da ɗan ƙarfen. Abin da na roƙa da hawaye aka hana ni, ga shi na samu da taurin kai cikin minti goma. A makon aka soke bizar, aka ba ni wata ɗaya in bar ƙasar.

Na nemi wani aikin, kada a ce ban nema ba. Baba Pinto ya kai ni wurare uku, ko'ina sai an tambayi dalilin barin na baya, ni kuma bakina ba ya iya gyara labari. Bikin nan an yi shi, an ce mini wani yaron Mista Nabil ya sa hannu aka mayar da kiɗan. Ban san amaryar ba, ina dai yi mata fatan zaman lafiya. Auwalu ya yi kwana uku ba ya yi mini magana, a na huɗu ya dawo da kwali ya ce in zuba kayana zai tura mini Kano a cikin kagonsu, kada a tsare ni a filin jirgi saboda nauyi.

Saura kwana biyu in tashi muka je wani katafaren kanti a Deira da la'asar in sayi tsaraba, turare na Inna da takalma na yara. Wurin cike yake, masu tura keken kaya, mata da 'ya'ya, masu talla suna fesa wa mutane turare a hannu. Muna gaban shagon jakunkuna sai na ji ja na farko daga sifikar da ke saman rufi, irin waɗanda na sha dakonsu. An rage shi ƙasa-ƙasa yadda ba zai dami mai ciniki ba. Jerin natsuwa ne, na san shi kamar tafin hannuna. Na tsaya cik. Auwalu ya yi gaba, ya waiwayo, ya ga fuskata, ya ɗaga kai ya saurara.

"Shi ne?"

Na gyaɗa kai. Na miƙa masa ledojin, na cire takalmina na ajiye gefe. Ban shirya ba, ƙafar ce ta tuna. Taku biyu gaba, a ja ɗaya baya, a sunkuya, kafaɗa ta bi, yadda na ga manyan jikoki na yi tun ina yaro. Kiɗan ba na ƙauyenmu ba ne, amma yana ja yana saki daidai inda ƙafa ke so. Na taka a kan tayil mai sanyi, hawaye na zuba, ban share ba. Mutane suka fara ratsewa, wasu suka ɗaga waya, wata yarinya ta yi dariya uwarta ta ja ta. Ko a jikina.

Wani mai gadi ya taho da sauri yana magana a rediyonsa. Auwalu, wanda ko sautin goge ba ya so a kusa da shi, ya sha gabansa da ledoji a hannu biyu, yana ce masa ya bi a hankali da Larabcin kasuwa.

"Shwaiya, habibi, shwaiya. Kakansa ne ya rasu."

Mai gadin ya dubi Auwalu, ya dube ni, ya dubi sifikar. Ban san ƙasarsu ba, ban san abin da suke yi wa tsofaffinsu ba. Ya dai sauke rediyon, ya tambaya a hankali ko zai daɗe. Auwalu ya juyo gare ni.

"Fasto, wai saura nawa?"

"Sai ya sauka, Alhaji. Ba a barin fili."

Ya gyara riƙon ledojin, ya tsaya inda yake. Mai gadin ma bai tafi ba. Na ci gaba da takawa har jimlar nan ta komo zuwanta na ƙarshe, mai kiɗan ya sauka a kan tsirkiyar da ba yatsa a kanta, ya bar ta ta yi amo ta mutu da kanta. Sai wata waƙar fiyano ta biyo baya, aka ci gaba da ciniki. Na sa takalmina. Auwalu ya miƙo mini leda ɗaya, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, sannan ya ƙara da cewa ƙafafun nawa dai na ɗan coci ne, amma tsohon ba zai ce na ba shi kunya ba.